Haruffa Masu Babbar Riga

A unguwarmu ta Kuje, in kana zaune a teburin mai shayi ka ji an ce, "Ai ni na gaya wa Darakta," ba sai ka waiwaya ba, Malam Abdulbaƙi ne ya iso. Ma'aikaci ne a ɗaya daga cikin hukumomin nan na cikin gari waɗanda ba a jin ɗuriyarsu sai ranar da za su yi taro. Shi ne shugaban sashen wallafa, amma na riƙon ƙwarya, kuma ya daɗe da ƙwaryar nan a hannu har yaran unguwa suka zaci sunan gidansu ke nan. Abin yana ci masa rai, mu kuma da yake mun san inda ƙurjin yake, nan muke sosawa.

"Malam, har yanzu ba a ce ka ajiye ba?" in ji Manniru, tsohon direban haya wanda ba ya ganin bakin magana ya wuce. "Hannu ai zai sage."

"Ku dai ku zuba ido. An kusa."

Wata rana da yamma ya sauko daga mota yana baza babbar riga, bai ko jira an matsa masa a benci ba ya fara. Darakta Leonard ya kira shi ofis. Hukumar za ta fitar da ɗan littafi mai bayanin haƙƙin masu buƙata ta musamman a ofisoshin gwamnati, ƙofar da za su shiga, wanda za su gani, da abin da doka ta ba su. Za a ƙaddamar da shi a gaban manyan baƙi da ƙungiyoyin makafi da kurame da sauransu. Darakta ya ce in aikin ya yi kyau zai sa hannu a tabbatar masa da kujerarsa, in kuwa ya ɓaci, mataimakiyarsa Madam Vivian tana nan ba ta je ko'ina ba.

"Wato dai an gama," in ji Abdulbaƙi yana kaɗa shayi. "In akwai abin da na fi kowa sani a Abuja, to rubutu ne. Ni harafi in na kalle shi, nan take na san ko ɗan gidan mutunci ne."

Akwai takardar umarni da ta zo daga sama a kan yadda za a buga littafin. Madam Vivian ce ta karanta masa, don shi Abdulbaƙi ba ya karanta ƙaramin rubutu a gaban mutane. Likita ya daɗe da ba shi tabarau, amma ya ce tabarau na tsofaffi ne, ya bar shi a jakar matarsa Safara'u. Umarnin ba shi da wuya: haruffa su zama miƙaƙƙu marasa ado, manya, baƙi a kan fari. A yi kwafi da rubutun makafi, mai ɗige-ɗigen nan da ake shafawa da yatsa. A kuma yi wanda wayar hannu za ta iya karanta wa mutum da murya.

"Oga, plain font suka ce," in ji Madam Vivian. "Ba ado, ba komai."

Ya karɓi samfurin da aka haɗo, ya miƙa shi nesa da fuskarsa, ya taɓe baki.

"Madam Vivian, kin taɓa ganin babban mutum ya zo taro da singileti?"

"Oga, ba maganar riga ba ne."

"Maganar riga ce. Waɗannan haruffan tsirara suke. Duk wanda ya ga wannan zai ce rasit ɗin kemis ne. Gwamnati ba ta fita sai da babbar riga, kuma mutanen nan da ake raina su, ni zan nuna musu cewa suna da daraja."

Ka ji matsalar Abdulbaƙi. Ba mugu ba ne, da zuciya ɗaya yake ɓarnarsa, shi ya sa ba ta da birki.

Washegari sai Wuse, shagon wani Godspower mai buga katin biki da kalandar jana'iza. Godspower ya kalli babbar rigar, ya gane irin kifin da ya faɗo komarsa, ya juyo masa da fuskar kwamfuta.

"Oga, ka ga wannan? Shi ne executive. Ko last week wani Alhaji ya yi bikin yarinyansa da shi."

Haruffa ne masu jela. Kowanne ya naɗe wuyan na kusa da shi, babba ya yi rawani, ƙarami ya ja mayafi a ƙasa, ba ka gane inda kalma ta fara balle inda ta ƙare. Abdulbaƙi ya dafa ƙirji ya ce a buga da ruwan gwal a kan takarda mai launin madara. Kafin ya fita kuma ya ba da aikin allon ƙofa na tagulla da irin haruffan, a rubuta masa Shugaban Sashen Wallafa, ba ƙwarya ba riƙo, don kada ranar ta zo a tsaya jira.

Da samfurin farko ya fito, teburin shayi ya fara kawo shi. Manniru ya goge hannu a wando ya karɓa da ladabi, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

"Allah ya sanya alheri. Wa ke aure?"

"Wane irin aure? Littafin gwamnati ne."

"To ita gwamnatin da wa za ta yi? Don ni dai ban ga sunan ango ba."

Mai shayi ya leƙo ya ce shi a ganinsa Larabci ne. Wani ɗan Filato da ke gyaran firiji ya ce a'a, a cocinsu da irin wannan ake rubuta sunan mamaci. Abdulbaƙi ya fizge abinsa ya ce ba laifinmu ba ne, ido in ya saba da tuwon gidan haya ba ya gane abincin otal. A gida ma Safara'u ta ce masa, "Malam, kai ka iya karantawa?" Ya ce shi da ya zaɓa ai ba ya buƙatar karantawa.

Ana saura kwanaki kaɗan taro, shugabar haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta zo ofis duba aiki. Barista Ikilima sunanta, makauniya ce, lauya, mace mai sanyin murya da zafin magana. Ta zo da sakataren ƙungiyar, wani malamin makaranta zabiya wanda ganinsa ke da rauni. Abdulbaƙi ya miƙa masa littafin da hannu biyu, ya koma ya harɗe ƙafa yana jiran yabo. Malamin ya kai takardar har kan hancinsa, ya je bakin taga, ya dawo.

"Ranka ya daɗe, ina ganin wani abu yana ƙyalli, amma ban san mene ne ba."

"Gwal ne," in ji Abdulbaƙi da alfahari.

"Malam Abdulbaƙi," in ji Barista, "ba ado muka zo kallo ba. Mutum yana so ya san ƙofar da zai bi a asibiti. A mayar da shi baƙi, a miƙe haruffan, a ƙara musu girma."

Cikin abubuwa ukun nan, na ƙarshe kaɗai ya shiga kunnensa. Girma ai fanninsa ne. Ya koma wa Godspower ya ce a ƙara. Godspower ya ƙara, ya ce bai isa ba. Aka ƙara, ya ce waɗannan mutane an daɗe ana tauye su, a ba su girma su ƙoshi. Aka yi ta ƙari har kowane shafi ya zama kalma ɗaya ce a kai, wata doguwar ma sai ta tsallaka zuwa na gaba, jelarta tana can tana bin ta. Ɗan littafin da za a sa a aljihu ya koma damin da sai ƙato ya tallaba. Da za a kawo su ofis, motar a-kori-kura ta wani mai lemo daga Zuba aka ɗauka, littattafan gwamnati suka iso suna ƙamshin lemo.

Na waya kuwa bai wahalar da kansa ba. Ya shimfiɗa shafukan a kan tebur ya ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya, babban yatsansa yana leƙowa a gefe, ya tura wa ƙungiya. Madam Vivian ta ce, "Oga, waya ba ya karanta hoto na irin wannan rubutu." Ya ce wayar da aka saya da tsada in ta kasa karanta hoto, ai matsalar mai wayar ce.

Saura rubutun makafi. Ya aro shafi ɗaya daga ƙungiya don ya ga yadda abin yake, ya duba ya yi dariya, ya ce ashe ɗigo ne kawai ake ta kururutawa. Ya sa aka yi masa fotokwafi, ya aika wa Barista don ta ga an fara. Ba a jima ba ta bugo waya.

"Malam Abdulbaƙi, ka aiko mini da farar takarda."

"Haba Barista, ga ɗigo nan birjik, ina kallonsu."

"Kai kake kallonsu. Ni yatsa nake sawa, kuma yatsana ya bi ta daga sama har ƙasa bai yi tuntuɓe da komai ba."

Daga nan Barista ta cire rai da shi a wannan ɓangaren. Ta karɓi rubutun a hannun Madam Vivian, ta kai wata makarantar makafi mai injin bugawa, malaman suka duƙufa suka fitar da kwafi na gaske, kowane ɗigo ya taso kamar ƙwayar gero. Ana gobe taro aka kawo su ofis a kwali, ta ce a ajiye kawai, kada a ɗora musu komai a kai.

Abdulbaƙi ya buɗe kwalin, ransa ya ɓaci. Takardu ne masu kauri, fari fat, ba launi ba ƙyalli, duk sun yi ƙuraje. Ya tuna gobe manyan baƙi za su gani, ga damina, ga hannun mutane da maiƙo. Kuma kowa ya san a ƙasar nan takarda mai daraja ba a barin ta haka. Shaidar haihuwa, takardar makaranta, takardar fili, har katin asibiti, duk sai an yi musu laminetin, an liƙe su cikin leda da injin zafi. Shi kansa takardar ɗaukarsa aiki an liƙe ta har sau biyu. Ya jira Madam Vivian ta tafi duba ɗakin taro, ya kinkimi kwalin sai Wuse.

"Oga, wannan kam ban sani ba o," in ji Godspower yana shafa ɗigon. "Machine yana da zafi, kuma yana danne abu."

"Kai ne shugaban sashen wallafa ko ni?"

"Kai ne, oga."

"To danna."

Aka danna. Takardun suka riƙa fitowa ta ɗaya gefen sumul, suna sheƙi kamar farantin tangaran. Abdulbaƙi ya ɗaga ɗaya a haske ya ce yanzu ne suka zama takardun gwamnati, ƙurajen ma sun kwanta. Da yamma ya gaya mana cewa ya yi wa makafin Abuja abin da ko Turawa ba su yi wa nasu ba, kuma ya ɗauki hayar bas, duk wanda bai zo gobe ya gani da idonsa ba ɗan baƙin ciki ne.

Muka je, har da Safara'u da jakarta. Ɗakin taro ya cika. 'Yan ƙungiya sun zo daga Zuba da Kwali da Abaji, wasu tun da sassafe suka hau mota, kuma ka ji su suna ta cewa yau za su karanta takardar gwamnati da hannunsu, ba sai sun roƙi wani ba. Abdulbaƙi yana gaba, babbar riga ta sha sitati, allon tagulla a naɗe cikin jarida a ƙarƙashin kujerarsa. Ana buɗe taro aka ɗauke wuta. Janareta ya ɗauki fitila da lasifika amma ya ƙi na'urar sanyi, ɗaki ya fara dahuwa.

Aka fara rabon littafi. Na masu raunin gani sai da masu gadi suka taimaka, ana dire wa kowa daminsa a cinya. Wani dattijo ya buɗe shafin farko ya daɗe yana kallo, ya buɗe na biyu, ya ce wa na kusa da shi shi dai ya ga kamar maciji ne a kan bishiya. Sannan aka raba na makafi. Ba ka jin komai sai ƙarar yatsu a kan leda. Wata yarinya a layin gaba ta shafa, ta juya baya ta shafa, ta sake shafawa, sannan ta ajiye a cinyarta ta sunkuyar da kai. A nan kam dariya ta tsaya mini, na ji kunya kamar ni na yi.

Wani makahon dattijo da ke bayanta ne ya fara. Ya ga ba abin karantawa, ga zafi, ga abu mai ƙarfi a hannu, sai ya shiga fifita da shi. Na kusa ya ji iska ya bi sahu. Kafin ka ce kwabo ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka, takardun gwamnati suna ta walƙiya. Manyan baƙi da ke kan dandamali suna zufa, ɗaya ya aiko a sam masa guda.

"Kun gani?" in ji Abdulbaƙi yana waiwayo mu. "Sun karɓe shi hannu bibbiyu."

Darakta Leonard ya tashi don karanta gabatarwar littafin. An ajiye masa kwafi na musamman, na gwal ɗin farko. Ya gyara tabarau, ya buɗe baki, ya rufe. Ya karkata takardar ta fuskanci fitila, ƙyallin ya doki idonsa. Ya ce, "Distinguished," yadda ake buɗe jawabi ga manyan baƙi, ya tsaya, don wannan daga kansa ya fito ba daga takarda ba. Sai ya yi murmushin da duk ma'aikacin gwamnati ya san ba na alheri ba ne.

"Bari mu ba mai aikin dama. Malam Abdulbaƙi, zo ka karanta mana abin da ka buga."

Ya hau yana baza riga. Ya karɓa, ya miƙa hannu nesa, ya dawo da shi kusa, ya yi gyaran murya, ya sha ruwa, ya sake gyaran murya. Ya ce fitilar ce ba ta da ƙarfi. Aka haska masa waya. Ya ce hasken ya yi yawa.

"Malam," Safara'u ta ɗaga murya daga inda muke, "tabaraunka yana nan a jakata."

Tabarau ya bi hannu hannu har dandamali, kowa ya taɓa shi. Ya saka, zufa tana ɗiga daga haɓarsa. Yanzu kam ya ga haruffan sarai, sai dai ganin bai ƙara masa komai ba, suna nan a naɗe da juna kamar taliyar da ta kwana.

"A nan," in ji shi, "ana cewa, wato, a taƙaice, gwamnati tana gaishe ku."

"Duk wannan damin gaisuwa ce?" in ji dattijon mai maciji.

"Oga, a gwada na waya mana," wani ya ce daga baya. Barista Ikilima ta miƙe, aka kai mata lasifika, ta kara wayarta a baki ta buɗe abin da aka turo. Wayar ta ce, "Hoto." Ta ja yatsa, ta ce, "Hoto." Ta sake ja. Manniru ya ce ita ma wayar ta gaji, a ba ta mafici.

Barista ta jira dariyar ta lafa, sannan ta yi magana a hankali.

"Ranka ya daɗe Darakta, malaman da suka buga mana takardun nan sun bar aikinsu sun yi mana, yaran nan kuma sun taso daga nesa. Wannan za mu zauna a kai, kuma za a sake bugawa. Amma ba zan hana Malam Abdulbaƙi haƙƙinsa ba. Mun daɗe muna neman gwamnati ta daidaita mu da masu ido, shi ya yi a rana ɗaya. Mu ba mu karanta ba, ku ba ku karanta ba, shi ma bai karanta ba."

Ɗakin ya ɗauki tafi, da leda ake yi, ƙarar har waje. Abdulbaƙi ya ji tafi, jikinsa ya yi abin da ya saba, ya dafa ƙirji ya rusuna. Darakta bai jira an tashi ba. A nan kan lasifika ya ce daga yau Madam Vivian ce shugabar sashen wallafa, ta zauna da Barista su fitar da littafin yadda umarni ya ce, Malam Abdulbaƙi kuma ya taimaka wa masu gadi a mayar da damin nan cikin mota.

Muka kama hanyar gida a bas har muka wuce kwanar filin jirgi. Manniru ne ya kasa haƙuri.

"To Malam, hannu dai ya huta."

"Kun dai ji da kunnenku," in ji Abdulbaƙi yana kallon taga. "Lauya ce ta faɗa a gaban jama'a. Ni na daidaita su."

Bayan makonni littafin ya fito, ɗan siriri, baƙi a kan fari, da na makafi mai ƙurajensa. Abdulbaƙi ya ce har yanzu rasit ɗin kemis ne. Allon tagulla kuwa ba ƙofar ofis da za ta karɓe shi, sai ya kafa shi a ƙofar gidansa, yana nan yana ƙyalli har yau. Baƙi sukan tsaya su kalla, wasu su ce addu'ar tsari ce, wasu su ce sunan mai gyaran ƙofa ne. Wata rana da na je gaishe shi na tarar ya ɗauko sukudireba zai cire, wai ya gaji da tambaya. Safara'u ta leƙo daga tsakar gida.

"Bar shi, Malam. Duk cikin aikinka shi kaɗai ya rufa maka asiri. Tun da ka kafa shi ba wanda ya san abin da ka ce kai ne."

Ya tsaya yana kallon allon, ya sa tabarau ya ƙara kallo, sannan ya mayar da sukudireban aljihu.